Cututtukan Gado Masu Taɓa Ƙoda da Ido

Idan Bahaushe ya ce gado, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne gida ko gona ko dabbobin da mamaci ya bari. Amma akwai wani gado wanda ba a jiran mutuwa kafin a raba shi. Tun yaro yana cikin mahaifiyarsa yake karɓar rabonsa, rabi daga uwa, rabi daga uba. Wannan gado shi ne ƙwayoyin halitta. Su ne ke sa a ce wane ya ɗauko hancin babansa, wance ta ɗauko tsawon kakarta. Ta wannan hanya ce kuma wasu cututtuka ke bin jini daga iyaye zuwa 'ya'ya. A wannan darasi za mu duba waɗanda ke taɓa ƙoda da ido tare, da yadda likitoci ke bincikensu.

Me ya haɗa ƙoda da ido?

Aikin ƙoda shi ne tace jini. Mutum yana da ƙoda biyu, kowace tana ɗauke da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. A kullum suna tace ruwa wajen lita 180 daga jini, su mayar da kusan duka cikin jiki, su fitar da lita 1 zuwa 2 a matsayin fitsari. Shi kuwa ido, a can bayansa akwai wani tantani da ke karɓar haske ya aika da saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Matatan ƙoda da tantanin ido duka sun dogara ne ga hanyoyin jini waɗanda suka fi silin gashi siranta. Haka kuma wasu sinadaran da aka gina su da su iri ɗaya ne. Saboda haka, aibu guda a ƙwayar halitta yana iya ɓata su duka biyun.

Ciwon Alport

A shekarar 1927 wani likita mai suna Cecil Alport ya yi rubutu a kan wani dangi a Ingila. Ya lura cewa tun daga kakanni har jikoki ana samun jini a fitsarinsu, kuma da yawansu jinsu yana raguwa. Ya ga kuma ciwon ya fi tsananta ga maza, domin su ne ƙodarsu ke gazawa tun suna samari. Daga baya aka gano cewa ciwon yana taɓa ido, aka kuma sa masa sunan wannan likita. Sai a 1990 masu bincike suka gano ƙwayar halittar da ta fi haddasa shi. Ita ce ke sarrafa wani sinadari da ke ƙarfafa matatan ƙoda da cikin kunne da ido. Sau da yawa uwa ce ke ɗauke da ita, alamunta ba su da yawa, amma ɗanta namiji ya kwanta. Ciwon Alport ba kasafai ake samunsa ba, kuma wanda bai tambayi tarihin dangi ba zai iya ɗauka cewa ciwo uku ne daban-daban.

Sikila, wadda muka fi sani

A ƙasarmu, ciwon gadon da ya fi taɓa ƙoda da ido shi ne sikila, wadda Hausawa ke kira amosanin jini. A ƙasashen Turai ana lissafa ta cikin cututtukan da ba su da yawa, amma a nan ba baƙuwa ba ce. A 2006 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu sikila kowace shekara a Nijeriya. Kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da ƙwayarta ba tare da ya yi ciwo ba. Su ne masu nau'in jini AS.

Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya kewayayyu ne masu laushi, suna rayuwa kwana 120. Na mai sikila kuwa sukan lanƙwashe kamar lauje, su yi tauri, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Likita James Herrick na birnin Shikago a Amurka shi ya fara bayyana wannan siffa a 1910. Idan waɗannan ƙwayoyi suka maƙale a siraran hanyoyin jini, sai su toshe su.

Kowa ya san azabar ciwon ƙashi da ke biyo baya. Abin da ba a cika sani ba shi ne ɓarnar da ke gudana shiru, ba tare da zafi ba. A ƙoda, ciwon yana rage ƙarfin riƙe ruwa, sai yaro ya riƙa yawan fitsari, har da fitsarin kwance. Sau nawa aka doki irin wannan yaro a kan abin da ba laifinsa ba ne! Da tafiya ta yi nisa, furotin yakan fara zuba cikin fitsari, alamar matatai sun fara lalacewa, wani har ya kai ga wankin ƙoda. A ido kuwa, inda hanya ta toshe sai wasu sababbi marasa ƙwari su tsiro. Suna iya fashewa su zubar da jini, ko su janye tantanin daga mazauninsa, gani ya tafi. Wannan matsalar ido ta fi yawa ga masu nau'in SC, duk da cewa ciwonsu yakan fi na masu SS sauƙi. Shi ya sa masana ke ba da shawarar a riƙa auna fitsari da duba ido a kai a kai tun daga shekara 10, ko da yaro bai koka da komai ba.

Mazauna Jos suna da ƙarin dalilin kula. Garin yana bisa tsauni, kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma hunturunsa a watannin Disamba da Janairu sananne ne. Sanyi yana matse hanyoyin jini, busasshiyar iska tana ƙarar da ruwan jiki, ga shi mutum ba ya jin ƙishirwa sosai. Don haka ɗalibi mai sikila yana bukatar rigar sanyi da yawan shan ruwa, kuma kada a hana shi fita fitsari lokacin darasi.

Yadda ake bincike

Asibitin koyarwa, irin na Jami'ar Jos da ke Lamingo, aiki uku yake yi: magani, horar da likitoci, da bincike. Binciken ciwon gado yakan fara ne da tambaya. Wa ya taɓa yin irin wannan ciwo a gidanku? Ta wajen uwa ne ko ta wajen uba? Likita zai zana salsalar dangi, a auna jini da fitsari, a haska cikin ido, sannan a riƙa bin majinyaci shekara da shekaru ana rubutawa. Ba a sa kowa cikin bincike sai da yardarsa ko ta iyayensa, kuma ana ɓoye sunansa. Idan ciwon ba shi da yawa, dole asibitoci su haɗa bayanansu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Irin wannan haɗin gwiwa ya yi amfani a Kano. Likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da takwarorinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun gwada maganin haidiroksiyuriya ga yara masu sikila da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sakamakon da aka buga a 2022 ya nuna cewa ƙaramin awo na maganin yana ba da kariya kwatankwacin matsakaicin awo. Wannan albishir ne ga iyaye masu ƙaramin ƙarfi.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Ciwon gado ba maita ba ne, ba aikin iskoki ba ne, kuma ba ya yaɗuwa ta cin abinci tare. Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da damar 1 cikin 4 ta zuwa da SS. Lissafin sabo ne a kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu kawai ba. Saboda haka ne jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure a 2024. Ku ma ku san nau'in jininku tun yanzu, ku tambayi dattawa tarihin lafiyar gidanku, ku kuma ja abokanku masu sikila a jiki. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.

Sababbin kalmomi

matata: abin da ake tace ruwa da shi
tantani: siririyar fata mai laushi
lauje: lanƙwasasshen ƙarfen yankan ciyawa
salsala: jerin iyaye da kakanni
takwara: wanda yake daidai da wani a suna ko a aiki

Tambayoyi

1. Me ya sa ciwo ɗaya ke iya taɓa ƙoda da ido?
2. Kawo abubuwa biyu da Cecil Alport ya lura da su.
3. Don me mai sikila zai ƙara kula a lokacin hunturu?
4. Bayyana ma'anar karin maganar nan: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.