Sare Kaɗanya Domin Gawayi: Yankin Gurara Na Cin Uwar Kuɗi

Gawu Babangida, Jihar Neja — Duk matafiyin da ya bi hanyar Suleja zuwa Minna ba zai kasa lura da buhunan gawayi da aka jera a bakin titi ba, musamman a kewayen Lambata da Gawu Babangida, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Gurara. Ga mai saye, wannan makamashi ne mai rahusa. Amma ga mai lissafin kasuwanci, kowane buhu alama ce ta jarin da aka ƙone.

Tun da aka mayar da fadar gwamnatin tarayya Abuja a watan Disamba na 1991, jama'a suka yi ta kwarara zuwa Suleja da maƙwabtanta, bukatar itace da gawayi kuma ta yi ta hauhawa. Tsadar kananzir da gas, wadda ta tsananta bayan janye tallafin man fetur a 2023, ta ƙara mayar da gidaje da masu sayar da abinci kan gawayi.

Abin damuwa shi ne, kaɗanya na cikin itatuwan da masu gawayi suka fi so, saboda gawayinta yana da nauyi kuma yana daɗewa bai cinye ba. Ita kuwa kaɗanya ba kasafai ake dasa ta ba, da kanta take tsirowa a daji da gonaki. Takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, sannan tana iya rayuwa fiye da shekara 200. Wanda ya sare ta zai sami kuɗin 'yan buhuna sau ɗaya tak. Wanda ya bar ta kuwa, iyalinsa za su tsinci 'ya'yanta kowace damina har jikoki. A harshen 'yan kasuwa, na farko ya ci uwa, na biyu yana cin riba.

Jihar Neja ce kan gaba wajen samar da 'ya'yan kaɗanya a Nijeriya, kuma mata ne ke tsinta, su dafa, su shanya, su fitar da man kaɗe. Kamfanonin Turai da Asiya suna sayensa domin yin cakulan da man shafawa. A watan Agusta na 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da fitar da ɗanyen 'ya'yan kaɗanya na wata 6, inda ta ce Nijeriya na samar da kusan kashi 40 cikin 100 na abin da duniya ke samu, amma rabonta a kasuwar da ta kai dala biliyan 6.5 bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. A cikin watan ne kuma aka buɗe masana'antar tace man kaɗe a Kudu, cikin Ƙaramar Hukumar Mokwa. Sai dai injin ba ya aiki idan babu itace a tsaye.

Idan ba a manta ba, an riga an ga irin wannan a kan madobiya. Cikin 'yan shekaru aka yi ta jigilar gumagumanta zuwa ƙasar Sin domin yin kujeru, har yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, ta sa ta cikin jerin abubuwan da ake taƙaita cinikinsu a 2016, sannan ta dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018. Dillalai sun kwashi riba sun tafi, aka bar ƙauyuka da kututture.

Hasarar ba ta tsaya kan itace ba. Ƙudan zuma da ke taimaka wa furen kaɗanya ɗaukar 'ya'ya yana bukatar sauran itatuwan daji domin ya rayu a sauran watannin shekara. Kazalika kurmin da ke bakin Kogin Gurara shi ke riƙe ƙasa daga zaizaya, shi ne mafakar birai da tsuntsaye, kuma shi ke ƙawata magangarar ruwan Gurara mai tsayin kimanin mita 30, wadda ke jawo 'yan yawon buɗe ido daga Abuja.

Doka dai akwai ta, tun daga Dokar Soja Mai Lamba 11 ta 1985 kan kare namun daji masu ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016, har zuwa dokokin gandun daji na jiha. Amma malamin daji ɗaya ba zai iya gadin ƙasar hakimi guda ba. Abin da ya kare kaɗanya da ɗorawa tun kaka da kakanni shi ne al'adar manoma, Gwari da Hausawa da sauransu, ta barin su a tsaye idan ana sharar gona. Farfaɗo da wannan al'ada aiki ne na dagatai da masu unguwanni a Masarautar Suleja, da limamai, da ƙungiyoyin mata masu man kaɗe, waɗanda su ne suka san wace bishiya aka sare kuma wa ya sare ta.

A nan ne 'yan kasuwa ke da rawar takawa. Mai sayen 'ya'yan kaɗanya da ya ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar mata, ya biya farashi mai kyau a kan lokaci, ya ba ƙauyen dalilin hana gatari shiga gona. Haka nan akwai kasuwa ga mai sarrafa buntun shinkafa da dusar katako su zama gawayi, da mai ƙera murhu mai tsimin itace. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma kaɗanyar da aka sare bana, sai bayan shekara 20 za a ci 'ya'yan magajiyarta.