Mai gadin Merapi: Dattijon da ya ƙi saukowa daga dutse mai aman wuta

Da yammacin ranar 26 ga Oktoba, 2010, wani gajimare na toka da iska mai tsananin zafi ya gangaro daga ƙololuwar dutsen Merapi da ke tsibirin Jaba a ƙasar Indonesiya, ya lulluɓe ƙauyen Kinahrejo. Washegari masu aikin ceto suka tarar da gawar wani dattijo ɗan shekara 83 a cikin gidansa, kuma rahotanni suka ce an same shi ne a yanayin sujada. Sunansa Mbah Marijan, mutumin da fadar Sarkin Yogyakarta ta ɗora wa alhakin kula da dutsen tun a shekarar 1982. Har yau ba a gama muhawara a kan mutuwarsa ba: cika amana ce, ko kuwa taurin kai ne da ya ja wasu zuwa halaka?

Merapi, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 2,900, yana tazarar kusan kilomita 30 a arewacin birnin Yogyakarta, kuma yana cikin duwatsun da suka fi yawan aman wuta a ƙasar. A 1930 ya kashe mutum fiye da 1,300. Duk da haka dubban iyalai na zaune a gangarensa, domin tokar da ke kisa ita ce kuma takin da ke raya gonakinsu. Suna noman kayan lambu, suna kiwon shanun madara, suna kuma haƙar yashin da dutsen ke amayarwa su sayar wa magina.

Wanda ke ci daga hannun abin da zai iya kashe shi ba ya kallonsa a matsayin abokin gaba. Mutanen yankin sun ɗauki Merapi tamkar babban maƙwabci mai halinsa, wanda ake zama da shi cikin ladabi. Hatta gajimaren nan mai ƙuna sun laƙaba masa suna irin na gida, suna kiransa "wedhus gembel", wato tunkiya mai cukurkuɗaɗɗen gashi. A tsohon tunanin masarautar, dutsen a arewa da fada a tsakiya da teku a kudu suna kan layi guda, kuma aikin sarki ne ya tabbatar da daidaito a tsakaninsu. A kan wannan tunani aka tsara birnin, tsarin da hukumar UNESCO ta sanya cikin kayan tarihin duniya a 2023.

Daga nan muƙamin Marijan ya samo asali. Ana kiran mai riƙe da shi "juru kunci", wato mai riƙon makulli. Shi ke jagorantar bikin Labuhan na kowace shekara, inda ake haurawa da kyaututtukan fada zuwa gangaren dutsen. Marijan ya gaji aikin ne daga mahaifinsa, kuma Sultan Hamengkubuwono na Tara ne ya naɗa shi. Musulmi ne da aka san shi da riƙon ibada, ko da yake akwai malamai a ƙasar da ke ganin irin waɗannan bukukuwa ba su dace da tauhidi ba.

Sunansa ya karaɗe ƙasar ne a 2006, lokacin da dutsen ya motsa, hukumomi suka ba da umarnin kwashe jama'a, shi kuwa ya ƙi barin ƙauyensa. Aman wutar ya zo ya wuce, shi kuwa ya tsira da ransa. Nan take ya zama gwarzo, har wani kamfanin abin sha mai ƙara kuzari ya sa shi a tallarsa. Abin da mutane da yawa suka ɗauka daga wannan tsira shi ne dattijon ya fi na'urori sanin dutsen. Wannan zato ya yi tsada bayan shekara huɗu.

A ranar 25 ga Oktoba, 2010, hukumar da ke sa ido kan duwatsu masu aman wuta, ƙarƙashin jagorancin masanin kimiyya Surono, ta ɗaga gargaɗi zuwa mataki na ƙoli, ta ce duk wanda ke cikin kilomita 10 daga ƙololuwa ya tashi. Na'urorinta sun nuna girgiza na ƙaruwa, jikin dutsen kuma yana kumbura saboda narkakken dutse da iska da ke tasowa daga ƙarƙashin ƙasa. Marijan ya sake zama. Washegari ya rasu tare da wasu mutane da dama, ciki har da wani ɗan jarida da wani ɗan agaji da suka hau domin su sauko da shi.

A nan ne hukuncin ya yi wuya. Masu kare shi na cewa alƙawari ya ɗaukar wa sarkin da ya naɗa shi, kuma a zamanin da shugabanni ke fara gudu idan wuta ta tashi, mutumin da ya mutu a bakin aikinsa ya cancanci girmamawa. Masu sukarsa kuwa na cewa ran jagora ba nasa ba ne shi kaɗai. Idan wanda jama'a ke kallo ya zauna, zamansa umarni ne ko bai buɗe baki ba, kuma waɗanda suka hau dutsen dominsa ba su ɗauki alƙawarin da ya ɗauka ba.

Ba imani kaɗai ke riƙe mutane a gangaren ba. Da yawa daga waɗanda aka kai sansani sun riƙa komawa a ɓoye domin ciyar da shanunsu, waɗanda su ne dukan abin da suka mallaka, har gwamnati ta yi alƙawarin sayen dabbobin. Gargaɗin da bai yi la'akari da abincin mutum ba, da wuya ya samu shiga.

Bayan rasuwar Marijan dutsen ya ƙara fusata. Hukumomi suka faɗaɗa yankin haɗari zuwa kilomita 20, kuma a ranar 5 ga Nuwamba aka yi aman wuta mafi muni. Jimillar waɗanda suka mutu ta kai kimanin 350, amma an kwashe mutum fiye da 350,000, kuma masana sun ƙiyasta cewa kwashewar ta ceci rayuka aƙalla 10,000.

Fadar ba ta soke muƙamin ba. A 2011 Sultan Hamengkubuwono na Goma ya naɗa ɗan marigayin, Asih, a gurbin mahaifinsa, kuma ana ci gaba da bikin Labuhan. Gidan Marijan a Kinahrejo ya zama wurin da baƙi ke ziyarta, suna kallon ƙonannun kayayyakin da gajimaren ya bari. Cikinsu akwai ƙwarangwal ɗin wata mota da aka hau da ita domin kwaso mutanen ƙauyen a wannan yammaci.