Me Ya Kayar da Jirgin Jos a Gwammaja?

Ranar 4 ga Mayu, 2002, jirgin kamfanin EAS ya baro filin jirgin Heipang na Jos ya sauka Kano lafiya lau. Da ya sake tashi zuwa Legas, bai yi nisa ba ya rikito kan gidajen unguwar Gwammaja a Kano. Fiye da mutum 100 suka rasu, har da Ministan Wasanni Ishaya Mark Aku, ɗan Filato. A Jos, tun daga Kabong har Bukuru, tambayar ke nan a bakin kowa: jirgin da ya bar mu garau, me ya same shi?

Masu bincike suka nufi baƙin akwati. Na naɗar muryar matuƙa ba a same shi ba. Na naɗar bayanan tafiya an tono shi cikin ɓaraguzai, amma da aka buɗe, babu komai na wannan tafiyar a ciki.

Sai aka koma bin sawu a ƙasa. Babban titin jirgin Kano ana gyaransa a lokacin, don haka gajeren aka bi. Ga zafin Mayu da rana tsaka, kuma iska mai zafi ba ta da kauri, jirgi na buƙatar doguwar tazara kafin ya ɗaga. Shaidar tayoyi ta nuna ya ƙure kwalta ya faɗa cikin turɓaya. Injina suka shaƙi ƙura, ƙarfinsu ya ragu, ya ɗaga da ƙyar ya kasa hawa. An gano musabbabin, amma abin da matuƙan suka gani da abin da suka faɗa ya tafi tare da su. Wannan ne ke ci mini rai.

Amma akwai mafita. Jirgin Air France da ya faɗa Tekun Atlantika a 2009, sai 2011 aka ciro akwatunansa, amma saƙonnin da ya aika ta tauraron ɗan Adam tun kafin ya nutse sun nuna matsalar na'urar auna gudu. Bayan ɓatan jirgin MH370 a 2014, hukumar sadarwa ta ITU ta kafa kwamiti kan tura bayanan jirgi zuwa rumbun ajiya na intanet yana cikin tafiya. Da haka ake yi a 2002, ranar farko da na'urar EAS ta daina naɗa, da wani injiniya ya lura.

Muna roƙon hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ta wajabta wannan tsari na tura bayanai ga duk jirgin fasinja da ke sauka Heipang.