Yadda sanin wayar salula ke shafar kuɗin shigar manoma a kudancin Katsina

A yankin Funtuwa da Malumfashi, inda ake noman masara da dawa da auduga, ribar manomi ta fi dogara ne ga farashin da ya sayar da amfanin gonarsa da kaka.

A da, dillalai ne ke da labarin farashi. Amma tun bayan shigowar wayar salula Najeriya a 2001, manomi na iya jin yadda buhun masara yake a kasuwar Dandume ko ta Dawanau a Kano kafin ya ɗora kaya a mota.

Wani bincike da masaniyar tattalin arziki Jenny Aker ta yi a Jamhuriyar Nijar ya nuna cewa tsakanin 2001 da 2006 wayar ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari.

Sai dai mallakar waya kaɗai ba ta wadatarwa.

A 2012 gwamnatin tarayya, ƙarƙashin ministan noma na lokacin Akinwumi Adesina, ta fara rabon takin zamani mai rangwame ta hanyar saƙon waya. Manomin da bai iya karanta saƙo ba dole ya nemi mai karanta masa, abin da kan buɗe ƙofar cuta.

Haka kuma lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, manoma da dama sun karyar da hatsinsu ga masu tsabar kuɗi, saboda ba su da asusun banki ko ba su iya tantance saƙon shigar kuɗi ba.

Akwai kuma matsalar tsaro. A watan Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Funtuwa da Malumfashi da Dandume, domin yaƙi da 'yan bindiga. Har zuwa lokacin da aka maido da layukan a watan Disamba, manoma sun koma dogaro da bakin dillalai.

Manomin da ya iya karanta saƙo, da karɓar kuɗi ta waya, da duba hasashen damina na hukumar NiMet, ya fi samun damar zaɓen lokacin shuka da kasuwar da zai kai kayansa. Wanda bai iya ba, sai abin da mai saye ya yanka masa.