Ganuwar Zariya da Shekarun Amina: Wanne Ne Tarihi, Wanne Ne Shaci-faɗi?

Duk wanda ya buɗe kundin sani na intanet yana neman tarihin birnin Zariya zai tarar da zance kusan iri ɗaya: an haifi Sarauniya Amina a 1533, ta hau mulki a 1576, ta rasu a 1610, ita ce kuma ta gina ganuwar da ta zagaye birni, har da ƙofofi irin su Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana. Ɗalibai suna kwafa, ana turawa a WhatsApp, har zancen ya zauna daram. A cikinsa akwai gaskiya, akwai tarihin baka da aka sanya wa rigar tabbas, akwai kuma abin da ba shi da tushe.

Masu cewa ba a taɓa yin Amina ba sun wuce gona da iri. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace ta a Infaƙul Maisuri, wanda ya kammala a 1812, a matsayin 'yar Sarkin Zazzau da ta yaƙi ƙasashen Hausa har Kano da Katsina suka ba ta haraji, ta rasu a Atagara. Kundin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, shi ma ya kawo ta. Ya ce ta ci garuruwa har Kwararrafa da Nufe, Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000, yaƙe-yaƙenta kuma sun ɗauki shekara 34. Madogara biyu ke nan, ɗaya daga Sakkwato, ɗaya daga Kano.

A wajen shekarun ne gizo ke saƙar. Kundin Kano ya sanya Amina a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ake lissafa mulkinsa daga 1421 zuwa 1438. Jerin sarakunan Zazzau kuwa ya sanya Bakwa Turunku, tushen da tarihin baka ya danganta Amina da shi, a wajajen 1536. Tsakanin lissafin biyu akwai fiye da shekara 100. Wani abin lura shi ne sunan Amina ba ya cikin tsohon jerin sarakunan Zazzau ɗin. To, daga ina 1610 ta fito? Mai karatu ya ɗauki 1576, shekarar da ake cewa Sarkin Zazzau Karama ya rasu Amina ta gaje shi, ya ƙara mata 34 ɗin nan ta kundin Kano, ya ga abin da zai samu. A ganina an ɗebo adadi daga littafin da ya ce ƙarni na 15, an ɗora shi a kan lissafin da ya ce ƙarni na 16, sannan aka rubuta sakamakon kamar wani ya shaida ranar. Maƙalar da ta san abin da take yi za ta kawo ra'ayoyin biyu, ta faɗi mai kowanne.

Batun ganuwa ma haka yake. Gaskiya ne a wurare da yawa na ƙasar Hausa ana kiran tsohuwar katangar gari "ganuwar Amina". Yawan wuraren shi kansa ya isa ya sa mutum ya yi hattara, domin suna ne da jama'a ke laƙaba wa tsohon gini. Masu binciken kufai, irin su J. E. G. Sutton da ya yi aiki a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1970, sun nuna ganuwar Zariya da ta Kufena ba zubi ɗaya ba ne, an yi ta ƙari da gyara a zamanai daban-daban. Saboda haka idan ka ga an rubuta cewa Amina ta gina Ƙofar Kuyambana a shekara kaza, tambayar farko ita ce: wa ya faɗa, a wane littafi, a wane shafi? Malaman birni sun san wannan ƙa'ida tun kafin zuwan boko, domin ba sa karɓar hadisi sai sun duba isnadinsa.

Hoton da ake yaɗawa da sunan Amina na mace a kan doki riƙe da takobi kuwa zanen masu fasahar zamani ne. Na'urar ɗaukar hoto ba ta fito ba sai a 1839.

Akwai wani kuskuren da ya fi saurin wucewa. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soma a 1804, don haka wasu ke rubuta cewa a shekarar jagoran masu jihadi Malam Musa ya karɓi Zariya. Masana da suka bi rubuce-rubucen Sakkwato sun tsayar da 1808. A lokacin ne Sarkin Zazzau Makau ya fice zuwa Zuba, ƙanensa Abu Ja kuma ya kafa Abuja a 1828, garin da ake kira Suleja a yau.

Abin takaici shi ne kayan gyaran suna nan a gida. Gidan Arewa da ke Kaduna da ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da ke Samaru suna cike da takardu, ga rubutun Abdullahi Smith na 1970 kan sarakunan Haɓe na Zazzau, ga littafin M. G. Smith na 1960 kan tsarin sarautar Zazzau, ga kuma dattawan unguwanni da ke riƙe da labarin kowace ƙofa. Wikipedia ta Hausa a buɗe take ga kowa. Ya ku Zage-zagi masu alƙalami, ku shiga ku gyara, ku sa madogara a ƙarƙashin kowace shekara, abin da kuka ji daga bakin dattawa kuma ku rubuta shi da sunansa na tarihin baka.