Yunwa Ba Maganin Ƙiba Ba Ce: Tankaɗe da Rairayar Maganganun Rijim a Abu Hujar

A Abu Hujar, kudu da Sinja a kan hanyar Damazin, da sauran ƙauyukan Hausawa tun daga Mai Wurno har cikin Jazira, magana biyu ce ke cin karo da juna a kan jikin mutum, musamman jikin mace. Iyaye da gwaggonni suna son amarya ta cika ta yi ɓul-ɓul kafin ranar kai ta. Wayar hannu kuma, ta Facebook da WhatsApp da TikTok, kullum tana nuna wa budurwa cewa kyau yana ga siririya. Sai ka tarar a gida ɗaya yaya tana haɗiyar ƙwayar ƙiba, ƙanwa tana rijim, wato rage ci don ta rame, ta daina karin kumallo. Maza ma ba a bar su a baya ba, domin duk wanda likita ya ce masa sukarinsa ya hau, nan take 'yan ba da shawara za su kewaye shi. Ga bakwai daga cikin maganganun da suka fi yawo, kowace da hukuncinta.

"Ka daina ci kawai, za ka rame." Rabinta gaskiya ne.

Za a rame, amma na ɗan lokaci. Abin da ke fara sauka a makon farko yawancinsa ruwa ne. Jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka, kuma kowane giram na wannan ajiya yana riƙe da ruwa kusan giram 3. Da an daina ci, ajiyar ta ƙare, ruwan ya bi fitsari, sikeli ya nuna an sauka. Kitse kuwa ba ya tafiya da wannan saurin: kilo ɗaya nasa yana ɗauke da kalori wajen 7,700.

Abin da ke biyo baya an auna shi tun tuni. A 1944 da 1945, a Jami'ar Minnesota ta Amurka, masani Ancel Keys ya tara samari 36 lafiyayyu waɗanda suka yarda a gwada yunwa a jikinsu. An rage musu abinci zuwa kusan rabi har wata shida. Sun zubar da kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, amma ƙarfin da jikinsu ke ƙonawa idan suna zaune ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100. Sanyi ya dame su, kasala ta kama su, zuciya ta yi saurin ɓaci. Jiki yakan yi abin da uwargida mai hankali ke yi idan ta ga rumbu ya yi ƙasa alhali kaka da saura: ta rage awo, ta hana ɓarna, kuma ranar da hatsi ya shigo ta fara da cika rumbu. Shi ya sa da aka sake wa samarin nan abinci, kitsen jikinsu ya dawo har ya zarce inda yake tun farko.

A 2007 Traci Mann da abokan aikinta a Jami'ar California suka bi diddigin bincike 31 da aka yi kan masu rage cin abinci. Sun tarar cewa bayan shekara huɗu zuwa biyar, tsakanin kashi ɗaya zuwa biyu cikin uku na mutanen sun mayar da nauyin da ya fi wanda suka zubar.

"Wanda ƙibarsa ta dawo, ragon zuciya ne." Ƙarya ce.

Wannan ita ce maganar da ta fi cutarwa, domin tana sa mutum ya tsani kansa a kan abin da ba laifinsa ba ne. Yunwa da ƙoshi ba niyya kaɗai ke juya su ba, akwai sinadaran da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa. Ɗaya shi ne leptin, wanda kitsen jiki ke fitarwa don sanar da ƙwaƙwalwa cewa akwai ajiya. An gano shi a 1994. Ɗayan shi ne ghrelin, wanda tumbi ke fitarwa don tayar da yunwa. Masana a Japan suka gano shi a 1999.

A birnin Melbourne na Ostareliya, wani bincike da aka wallafa a 2011 ya fara da mutum 50 masu ƙiba, aka ɗora su kan abinci ɗan kaɗan har mako 10. Sun zubar da kimanin kilo 13 kowannensu. Bayan shekara guda cur aka sake auna jininsu, sai ga sinadarin yunwa yana nan sama, na ƙoshi yana ƙasa, su kuma suna jin yunwa fiye da kafin su fara. Ma'ana, wadda ta yi wata biyu tana juya baya ga akushi, sannan wata rana da dare ta tashi ta cinye ragowar asida da zalabiya har ta kasa tsayawa, ba tarbiyya ta rasa ba. Horon da ta yi wa cikinta ne ya haifi wannan cin. Daga nan sai kunya ta biyo, ta sake ɗaura niyyar yunwa mai tsanani, a sake komawa gidan jiya.

Wannan darasi ya shafe mu ta wata fuskar da ta fi rijim nauyi. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya iso jihar Sinnar a 2024, ya raba mutane da gidajensu da gonakinsu, iyalai da yawa suka ɗanɗani yunwar da ba su zaɓa ba. Yaron da ya sha wannan wahala, yau yana ɓoye gutsuren kisra a aljihu ko yana ci hannu baka hannu ƙwarya, ba haɗama ce ke damunsa ba. Samarin Minnesota ma haka suka yi, suna ɓoye abinci, suna lashe kwano, ba su da zance sai na girki. Maganin yaron nan shi ne ya ga abinci yana zuwa a kan lokacinsa kullum, ba tsawa ko gori ba. Wanda kuwa ya rame ƙwarai, ko ƙafafunsa suka kumbura, a kai shi cibiyar lafiya, domin ɗura wa mai tsananin tamowa abinci mai yawa farat ɗaya yana iya taɓa zuciyarsa.

"Shayin rage tumbi yana narkar da kitse." Ƙarya ce.

Da yawa daga cikin irin waɗannan shayi, abin da ke aiki a cikinsu ganyen sanamakka ne, ɗan'uwan filaskon da aka sani a ƙasar Hausa, wanda Sudan ke cikin ƙasashen da ke fitar da shi kasuwar duniya. Maganin taurin bayan gida ne, kuma a babban hanji yake aiki. Kafin abinci ya isa can, ƙaramin hanji ya riga ya tsotse amfaninsa. Saboda haka abin da zawo ke fitarwa ruwa ne da gishirin jiki, musamman fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. A zafin bazarar Sudan, wannan wasa da rai ne. Ruwan ɗumi da lemon tsami da sassafe ba ya cutarwa, amma ba ya taɓa kitse. Karkade, wato zoɓo, bincike ya nuna yana ɗan sassauta hawan jini, sai dai idan an cika shi da sukari an ba da da dama an karɓe da hagu.

"Kisra da asida ne ke kawo ƙiba da ciwon sukari." Akwai gyara.

Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu, da dawa da gero suka rayu, da su suka yi noma da aikin auduga a Jazira. Dawar da ba a surfe ta fes ba tana da dusa mai rage saurin hawan sukari a jini. Tsamin da ƙullun kisra ke yi kuma yana taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin ƙarfen da ke cikin hatsin. Inda gaskiyar maganar take shi ne yawa: malmala babba da miya 'yar kaɗan tana ɗaga sukarin mai ciwon sukari. Gyaran shi ne a rage malmalar, a ƙara miya, weka ko lalo, a haɗa da ful ko adas ko wake ko kifin kogi.

Wanda ya fi cancantar tuhuma yana cikin kofin shayi. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wato kusan giram 50, ƙaramin cokali 12 ga babban mutum. Mai shan shayi sau huɗu da cokali uku-uku ya cika wannan adadi tun kafin ya taɓa lemon kwalba. Rage cokali ɗaya daga kowane kofi ya fi barin tuwon dare amfani, kuma ana iya ɗorewa a kansa har tsufa.

"Azumi shi ne rijim mafi inganci." Ba haka ba ne.

Azumi ibada ne, kuma yana da iyakar da shari'a ta gindaya. An kwaɗaitar da yin sahur, an so a gaggauta buɗa-baki, kuma Annabi (SAW) ya hana sahabbansa wisali, wato haɗa yini da yini ba tare da an ci ba. An ɗauke wa mara lafiya da matafiyi. Binciken da aka yi kan masu azumin Ramadan a ƙasashe daban-daban ya nuna galibi kilo ɗaya zuwa biyu ake zubarwa, kuma mafi yawansa yana dawowa cikin makonni bayan Sallah. Idan yarinya ta mayar da azumin nafila mafakar gudun abinci, ba sahur, buɗa-baki kurɓin ruwa, to iyaye su lura, su zauna da ita cikin lalama.

"Ƙwayar ƙiba ba ta da illa, ai kowa na sha." Ƙarya ce mai haɗari.

Ƙwayar da ake kira najma a Sudan, da irin waɗanda ake kira sha-ka-fashe a Kano, yawanci ɗayan biyu ne: dexamethasone ko cyproheptadine. Na farko magani ne mai ƙarfi na kumburi da asma, na biyu maganin ƙaiƙayi da borin jini ne da ke buɗe ciki ya kawo barci. Cikar da dexamethasone ke kawowa ruwa ne da kitse da ke taruwa a fuska da wuya da ciki, yayin da tsokar hannu da cinya ke zagwanyewa. Yana jawo ciwon sukari da hawan jini, yana raunana ƙashi, yana karya garkuwar jiki, yana rikita al'ada. Wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke rana ɗaya, domin hakan ma yana iya kisa. Likita ne zai riƙa rage mata sannu a hankali. Mai ƙwayar ƙiba da mai shayin rama ciwonsu ɗaya: an koya musu cewa jikinsu abin kunya ne.

"To ashe ƙiba ba komai ba ce." Wannan ma kuskure ne.

Kitsen da ya taru a ciki yana ƙara haɗarin ciwon sukari da hawan jini da ciwon gwiwa. Amma gyaran da ke aiki bai kai tsananin da ake zato ba. Wani babban bincike a Amurka da aka wallafa a 2002 ya bi mutum 3,234 da ke gab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka taimaka musu suka gyara cimarsu, da burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da yin tafiyar ƙafa minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 80, wannan bai kai kilo 6 ba. Rama ta gaggawa kuwa tana kawo tsakuwa a maɗaciya, da zubewar gashi, da ƙarancin jini.

Hanyar sulhu da abinci

Mataki na farko shi ne a dawo da lokutan ci: safe, rana, dare, gwargwadon abin da Allah ya hore, ba tare da tsallake ɗaya don biyan bashin wani ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Cikin da ya san abinci na zuwa ba ya rikicewa idan ya gan shi.

Na biyu, a daina raba halal gida biyu, wai wannan na kirki, wancan na laifi. Agashe ranar kasuwa ko zalabiya da shayin safe ba zunubi ba ne da za a yi wa kaffara da yunwa. Abin da aka haramta wa kai shi ne ke tsaya wa mutum a rai. A maimakon lissafin abin da za a cire, a duba abin da za a ƙara: gyaɗa, riɗi, nono, ganye, tumatir, da ayaba da gwaba da mangwaro na lambunan bakin kogi.

Na uku, a ci a zaune, a natse, tare da iyali. Saƙon ƙoshi yakan ɗauki lokaci kafin ya isa ƙwaƙwalwa, mai sauri yakan wuce shi bai sani ba. Mai ciki da mai shayarwa da yara masu tasowa ba su da hurumin rijim ko kaɗan; mai shayarwa ma ƙarin kalori wajen 500 take buƙata a yini.

Na huɗu yana kan harshenmu. "'Yar nan, dubi yadda kika zama kamar buhu," ko "Wa zai auri ƙashi?" kalmomi ne da kan zauna a zuciyar yarinya shekara da shekaru. Inna da gwaggo da miji su ne suka fi kowa iko a nan. Idan kuka ga 'yarku tana ɓuya lokacin cin abinci, ko tana shiga bayi ta yi amai bayan ta ci, ko al'adarta ta ɗauke, ko jiri na yawan kayar da ita, wannan ciwo ne da likitoci suka sani, kuma yana iya kashewa idan aka yi sakaci. Ba taurin kai ba ne, ba kuma abin ɓoyewa ba ne. A kai ta asibiti da wuri, a je da kwalin duk ƙwaya ko shayin da take sha a nuna wa likita, kuma a tsaya mata har ta warke.