Cybertruck a Ƙasar Shinkafa da Tumatir: Shin A-Kori-Kurar Tesla Za Ta Samu Kasuwa a Kura da Bunkure?

Kwanan baya na tsaya a Kwanar Gafan ana lodin tumatir, sai wani matashi ɗan dako ya miƙo mini wayarsa yana dariya. Bidiyon Cybertruck ne, motar nan ta kamfanin Tesla mai kama da an yanko kwanon rufi an lanƙwasa. Tambayarsa ɗaya ce: "Malam, wannan kwando nawa za ta ɗauka?" Na daɗe ina karanta sharhi a kan motar, amma ban ga wanda ya yi tambayar da ta fi wannan muhimmanci ba.

Yadda ta faro

Elon Musk ya fara nuna motar a Nuwamban 2019 a Los Angeles ta Amurka. A ranar ne aka jefi gilashinta da dunƙulen ƙarfe don a nuna ba ya fashewa, sai kuwa ya tsage a gaban jama'a. Ya ce mafi arha za ta kasance dala 39,900. Ba a fara miƙa ta ga masu saye ba sai 30 ga Nuwamban 2023, kuma a lokacin kuɗin mai matsakaicin ƙarfi ya kai kusan dala 80,000, babbar kuma kusan dala 100,000.

Musk ya yi hasashen ƙera 250,000 a shekara. Abin da aka ƙiyasta an sayar a 2024 bai kai 40,000 ba. A Maris na 2025 kuma aka buƙaci a mayar da kimanin 46,000 domin gyara, kusan duk waɗanda ke kan hanya ke nan, saboda wani ƙarfen gefen gilashi da ke iya ɓallewa ana cikin tafiya. A Turai ba a sayar da ita a hukumance, domin kaifin gefunanta da taurin jikinta sun saɓa wa ƙa'idojin kare masu tafiya a ƙasa. Wato ko a garinsu, kallo ya fi ciniki yawa.

Abin da ke cikinta

Duk da haka ba abin rainawa ba ce. Jikinta ƙarfe ne marar tsatsa, ba fenti. Nauyinta ya kai kusan tan uku. Batirinta na ɗaukar kimanin kilowat-awa 123; idan wayarka mai batir 5,000mAh ce, wannan wutar za ta cika irinta sama da 6,000. Sitiyarinta ba shi da sandar da ta haɗa shi da tayoyi, kwamfuta ce ke karɓar umarni ta juya su. A bayanta akwai soket da ke ba da wuta har kilowat 9.6. Riƙe wannan na ƙarshen, za mu dawo kansa.

Mu kawo ta gida

Duk wanda ya san Kura, Bunkure da Garun Malam ya san ruwan Dam ɗin Tiga ne ya mayar da yankin abin da yake. Tun shekarun 1970 ruwan ke bin manyan magudanai yana ratsa Kadawa, ana noma rani da damina: shinkafa, tumatir, albasa, alkama, masara. Ko'ina kaya ne ke neman mota. Kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kuɗin ɗauko kaya daga gona ya zama abin da manomi ke lissafawa kafin ya yi shuka. A takarda, nan ne wurin da motar kaya marar shan mai ta dace.

Amma mu yi lissafi. Idan aka ɗauki dala a Naira 1,500, motar dala 80,000 ta kama Naira miliyan 120, ba a sa kuɗin jirgi da na kwastan ba. Kayan da take ɗauka kuwa bai wuce kilo 1,100 da 'yan kai ba, kusan buhu 11 na shanshera mai kilo 100. Tsohuwar Hilux ma kusan hakan take ɗauka, Kanta kuwa ta ninka ta. Amsar ɗan dako ke nan: kwandunan da za ta ɗauka ba su fi na a-kori-kurar da ya saba lodawa ba.

Sai maganar caji. Faifan sola mai wat 550 yana ba da kusan kilowat-awa biyu da rabi a yini mai kyau. Kana buƙatar faifai kusan 50 kafin ka cika batirin a rana ɗaya. Ƙaramin janareta mai kilowat ɗaya kuwa sai ya kwana biyar yana aiki ba hutawa, ka ga an gudu ba a tsira ba. Tumatir kuma ba ya jiran caji. Idan aka tsinke shi da asuba, dole ya hau hanyar Legas kafin ya fara zubar da ruwa.

Na uku shi ne gyara, kuma a nan ne ni mai rubuta manhaja na fi jin tsoro. Hilux ta lalace, ka shiga Ƙofar Ruwa ka samo kayanta, bakanike ya ɗaura. Cybertruck kwamfuta ce mai taya huɗu. Manhajarta a hannun kamfani take, ta intanet ake sabunta ta, kuma Tesla ba shi da cibiyar gyara a Najeriya. Ko jikinta ne ya lotsa a kan gadar magudanar ruwa, ba irin ƙarfen da mai gyaran jikin mota zai buga ya shafe da fenti ba ne.

To wa zai saya?

Za a saya, amma ba a gona ba. 'Yan tsirarun masu hali a Legas, Abuja da unguwar Nasarawa ta Kano za su shigo da ita don a gani a faɗa, a ɗauki hoto ranar biki. Wannan kasuwar ado ce, ba ta kaya ba. Kwatanta da Starlink, shi ma na Musk: ya shigo Najeriya a Janairun 2023 ya karɓu nan da nan, domin ya magance matsalar da mutane ke kwana da ita.

Darasin da ya rage mana

Mu koma kan soket ɗin nan. Abin da ya fi burge ni a motar ba siffarta ba ce, tunanin cewa mota batir ce mai tafiya. Yi tunanin ƙaramar kurkura mai lantarki wadda za ta kai taki gona da safe, ta kunna famfon ban-ruwa a filin da magudana ba ta kai ba, ta kwaso kwanduna zuwa bakin titi, da dare kuma ta haska gida ta caja wayoyi. Batirinta ƙarami ne, faifai kaɗan sun ishe shi, kuma ana iya sauke wanda ya ƙare a ɗora cikakke a rumfar caji, kamar yadda ake musanya tukunyar gas.

Wannan ba mafarki ba ne. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya fara da mayar da ƙananan motocin bas masu shan mai zuwa na lantarki, daga baya ya shiga ƙera nasa. A 2021, lokacin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato da ya zana Chevrolet Volt, ke shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, an buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ilimin yana nan cikinmu.

Kuma akwai gurbinmu a ciki, mu masu waya da kwamfuta. Wani zai rubuta manhajar da ke nuna lafiyar batir da Hausa. Wani zai haɗa manomi da direban da ke kusa da shi. Wani zai tsara yadda direba zai riƙa biyan kuɗin kurkurarsa kaɗan-kaɗan ta waya. Wani kuma zai koyi gyaran batirin lithium tun kafin aikin ya yi yawa.

Ka ci gaba da kallon bidiyon Cybertruck, ba laifi. Amma idan kana neman inda kuɗi zai fito, je ka tsaya a bakin gona a Bunkure ranar girbi, ka tambayi manomi nawa ya biya aka fitar masa da buhu ɗaya zuwa titi. Duk wanda ya rage masa wannan kuɗin, shi ne zai ci kasuwar.